Famfon da Ke Cizon Inna

Wata huɗu Inna tana cewa famfon banɗakinta yana cizonta, wata huɗun nan muna yi mata dariya. Har da ni, ba zan wanke kaina ba.

Abin ya fara ne bayan Yaya ya gyara mata gida. Yayana mai aikin wutar lantarki ne, shekara ashirin da ɗoriya yana ja wa mutane waya a gidajensu, har unguwa ta laƙa masa Injiniya, shi kuma ya karɓi sunan hannu bibbiyu. Ya sa aka fasa tsohon banɗakin, aka shimfiɗa tayil fari mai santsi, ya kafa mata hitar ruwan zafi saboda ciwon ƙafa. Mai famfo ya zo ya sake bututu. Duk wanda ya zo gaishe ta sai an kai shi ya leƙa banɗaki, kamar an yi haihuwa a ciki.

Ba a yi sati biyu ba ta ce mini, ranar Juma'a da na je, in ta kama kan famfon sai ta ji kamar tururuwa sun hau hannunta har gwiwar hannu. Na shiga na murɗa, ruwa ya zubo, ban ji komai ba. Na kira Yaya a waya don dai hankalinta ya kwanta. Ya zo da yamma daga wurin aiki, da ƙaton takalminsa mai kaurin roba, ya shiga ya damƙi famfon, ya shafa shi sama da ƙasa, ya fito yana dariya. Ya ce shi da hannunsa ya ja wayar gidan nan, kuma shi ya ɗaura mata wayar ƙasa tun yana saurayi, wuta ba ta da hanyar zuwa famfo sai dai in ta koyi iyo.

Akwai wani ɗan sukudireba mai haske da yake gwada wuta da shi, kullum yana maƙale a aljihun gaban rigarsa kamar biro. Ranar ma yana nan. Bai ciro shi ba. Da gidan wani mai kuɗi ne aka ce ko fanka ta yi tari, da ya kwashe akwatin kayan aikinsa kaf ya baje a tsakar gida. Amma tsohuwa ce ta faɗa, tsohuwar ma tasa.

Abin haushin shi ne babu wanda ya kai shi iya wa'azin wayar ƙasa. Tun muna yara muke jin karatun. Wai wuta in ta ɓalle daga wayarta neman ƙasa take yi, don haka sai a ba ta hanya, a ja waya mai kore da rawaya a haɗa duk wani ƙarfe na gida, hita da bututu da famfo, a kai ta cikin ƙasa. In ba a ba ta hanya ba, za ta nema da kanta, ta jikin duk wanda ya taɓa. Har faɗa ya sha yi da masu gini a kan haka, yana ce musu masu kisan kai.

Da Inna ta sake maimaitawa, sai muka kai ta asibiti. Likita ya tambaye ta ko hannun yana yi mata zugi, ta ce sai in ta taɓa famfo. Ya dube mu, muka dube shi. Ya rubuta maganin jijiya, ƙwaya fara safe da yamma, ya ce a riƙa lura da ita, shekaru sun fara ja. Ƙwayar nan ta riƙa sa ta barci da rana tsaka, ta tashi tana tambayar ko an yi la'asar. Shi ke nan, muka samu shaida ta biyu.

Daga nan magana ta canja launi a dangi. In ta manta inda ta ajiye mabuɗi sai a haɗa ido. In ta kira jika da sunan wani jikan sai a ce Allah sarki. Matar Yaya, wadda ba muguwa ba ce amma bakinta ba ya da birki, ta riƙa tsokanarta ko yau famfo ya karya kumallo da ita. Inna takan yi murmushi. Can sai ta daina zancen gaba ɗaya, muka ce magani ya yi aiki. Ashe daina taɓa famfon ta yi. Da bokitin roba take ɗebo ruwa daga tankin tsakar gida, ta ja shi da ƙafarta mai ciwo har banɗaki, ta wuce hita da famfo suna ƙyalli ta yi wankanta da ruwan sanyi. Ranar da maƙwabciya ta same ta zaune a ƙasa, bokiti ya kife, zani ya jiƙe, ranar aka gama yanke mata hukunci.

Kawu, ƙanen mahaifinmu, ya tara mu. Aka ce wadda ke gudun famfo ba za a bar ta ita kaɗai ba, ta koma gidan Yaya a rufe nan. Inna ta ce gidanta ne, a nan ta haife mu, a nan aka ɗauki gawar mijinta, kuma hankalinta ƙalau yake. Kawu ya ce ai kowa haka yake cewa. Ni ma na sa baki, na ce Inna ki yi haƙuri, don lafiyarki ne. Har yau in na tuna muryata a wurin nan sai in ji na tsani kaina.

Ranar Asabar da hantsi muka ɗaure kaya. Na ce bari in wanke banɗakin kafin a rufe. Silifas ɗina suna ta zamewa a kan tayil da kumfar sabulu, sai na tuɓe su na jefar waje, na tsaya da ƙafa a cikin ruwa na kai hannu famfo.

Ba tururuwa ba ne. Wani abu ne ya fizge ni tun daga yatsu har haƙora, na ji kaina ya bugi bango. Na zauna a ƙasa riƙe da hannuna, ina kallon silifas ɗina a bakin ƙofa. Sai lokacin na tuna Inna ba ta shiga banɗakin nan da takalmi, tun ranar farko ta ce tayil ɗin zai kayar da ita, ƙafarta ta fi riƙe ƙasa. Mu kuwa duk wanda ya zo gwada famfon, a kan roba yake tsaye.

Na fito na sami Yaya yana ɗora katifa a bayan mota, Kawu yana ba da umarni daga inuwa. Na ce ya zo. Ya biyo ni har bakin banɗaki yana tambayar me kuma ya faru.

"Cire takalminka ka kama famfon nan," na ce.

"Auta, ke ma kin fara?"

"Cire mana. Ba kai ka ja wayar ba?"

Ya dube ni, ya ga yadda nake riƙe da hannuna. Ya sunkuya ya fara kwance igiyar takalmin, ya cire ɗaya. Ban san Inna tana bayanmu ba sai da na ji muryarta, a hankali, irin yadda take yi masa magana yana yaro.

"Mayar da takalminka. Yana da zafi, kar ka taɓa."

Sai a lokacin ya ciro ɗan sukudireban daga aljihu ya ɗora a kan famfon. Ya kawo haske ja. Ya daɗe yana kallonsa.

Ya kashe wutar gidan ya zaga baya, ina biye da shi. Ga wayarsa mai kore da rawaya nan, ɗaure tam a jikin tsohon bututun ƙarfe, yadda ya ɗaura ta shekara ashirin da suka wuce. Amma taƙi ɗaya a ƙasa da ɗaurin, mai famfo ya yanke ƙarfen ya sa na roba, shi ne ya shiga ƙasa. Wayar tana nan, ba ta zuwa ko'ina. Hitar kuma tana yoyon wuta kaɗan kaɗan, wutar ta bi bututu ta zo famfo ta tsaya jiran mai ƙafa a ƙasa.

Awa biyu ya yi. Ya kafa doguwar sandar tagulla a ƙasa da guduma, ya ja sabuwar waya, ya haɗa hita da bututu da famfo, ya canja abin da ya lalace a hitar. Aiki mai kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Yana yi yana zagin mai famfo, shi da wanda ya koya masa sana'a. Na tsaya ina jiran kalma ɗaya da zai juya ya faɗa wa Inna. Kalmar ba ta fito ba.

Na ce to a sauke katifa. Kawu ya gyara zama ya ce ai an riga an sanar da dangi, an share ɗaki a can, kuma ko babu wuta tsufa yana nan. Na buɗe baki zan yi abin da ba a yi wa kawu, Inna ta kama hannuna, wanda wutar ta ja, ta shigar da ni ɗakinta da babu komai a ciki sai tabon gado a ƙasa.

"In na zauna, za a tambaya me ya sa aka fasa tashin," ta ce. "Ki ce musu me? Famfon uwar Injiniya ya yi wata huɗu yana jan mutane? Wa zai ƙara kiransa aiki? Da wannan yake ciyar da yara shida."

Na ce to ita fa, a bar mutane suna cewa ta ruɗe? Ta ce an riga an faɗa, ba sabon abu ba ne. Ta ɗauki ledar maganin jijiyar daga kan taga ta cusa a jaka, don kar a ga ta bari a yi tambaya, ta fita ta shiga gaban mota.

Yanzu tana can a ɗakin da ke kusa da kicin. In baƙi sun zo, matar Yaya takan rage murya ta ce musu a yi haƙuri da ita, ta ɗan fara mantuwa, har famfo ta taɓa cewa yana cizonta. Yaya yana zaune ake faɗa, sai ya duba wayar hannunsa.

Mabuɗin tsohon gidan yana hannuna. Nakan je in share duk ƙarshen wata. In na gama sai in tuɓe takalmi in shiga banɗakin in kama famfon da hannu biyu. Lafiya lau yake, ba ya cizon kowa.