Kabarin Baba

Da sunan Alheri ya fito cikin waɗanda za su tafi ziyarar Urushalima a shekarar 1998, duk unguwar Takur da ke Dutse sai da ta ji. Ma'aikaciyar jinya ce, mace mai kai, mai son a san tana da shi. Wata uku suna zuwa coci koyon wuraren da za su taka, kuma duk tambayar da Fasto ya jefo, kafin ya rufe baki ta cafe.

Ana saura mako guda, maƙwabciyarta Hajiya Ikilima ta shigo da ƙullin dambun nama na guzuri.

"Maman Larai, kin zaga neman gafara kuwa? Mu fa ba ma hawa jirgin Makka sai mun bi gida-gida an yafe mana."

"Hajiya, namu karatu za mu je yi, ba irin naku ba ne."

"To, Allah ya kai ku lafiya. Amma dai Limawa ba nisa."

Alheri ta ɗaure fuska, don ta san inda maganar ta dosa. A unguwar Limawa ƙanenta yake, wanda ya musulunta ya koma Idirisu. Ranar da aka binne babansu a ƙauye, shekara shida da suka wuce, ya zo da farar hularsa, ita kuwa ta tare shi a bakin maƙabarta a gaban jama'a, ta ce wanda ya bar hanyar Baba ba zai zuba masa ƙasa ba. Ya juya ya tafi. Tun daga ranar ko a kasuwa suka haɗu sai kowa ya kama gabansa.

Ta zaga dai, ta yi sallama da mutanen coci da abokan aiki, Limawa ce kawai ba ta leƙa ba.

A can ma ita ce gaba-gaba. A Baitalami ta gyara wa jagoransu lissafin zuriya, a bakin Kogin Urdun ta cika shafi huɗu da rubutu. Rana ta shida aka kai su Hebron, inda kabarin Ibrahim yake. Fasto ya ce wa zai tuna musu waɗanda suka binne shi.

"'Ya'yansa, Ishaku da Isma'ilu," in ji Alheri, tun bai sauke numfashi ba.

"Su biyun?"

"Su biyun, tare."

Sai da maganar ta fita ta ji abin da ta faɗa. Ta san wannan amsar tun tana 'yar makarantar Lahadi, ta ci jarrabawa da ita, amma ba ta taɓa jin nauyinta ba sai yau. Isma'ilu, ɗan da aka kora daga gida, ya dawo ya kama gawar ubansa, kuma ba wanda ya tare shi. Kunya ta rufe ta, ta jingina da bango tana kuka. Wata tsohuwa daga Garki ta dinga yi mata fifita, ta ɗauka zafi ne ya buge ta.

Ranar da suka sauka Dutse, matan coci na can Takur sun dafa shinkafa suna jiranta. Ita kuwa daga tasha ta ce wa ɗan acaɓa Limawa, da jakarta da komai.

Ta tarar da Idirisu a ƙofar shagonsa yana auna gero. Ba ta tsaya gaisuwa ba, ta durƙusa a ƙasa.

"Subhanallahi! Yaya, tashi, mutane na kallo."

"Su kalla. A gaban mutane na kore ka. Ka yafe mini, Idirisu."

Wannan ne karon farko da ta kira shi da sunan. Ya ajiye kwanon awon.

"Na yafe tuntuni, Yaya. Abu ɗaya ne ke cina. Duk shekara ina zuwa maƙabartar nan, in tsaya a bakin shinge in yi ta dubawa. Har yau ban san wanne ne kabarin Baba ba."

Alheri ta miƙe, ta share ido da gefen mayafi.

"Rufe shagon," ta ce. "Ɗauko babur ɗinka mu je in nuna maka."