Hancin Aro

"Kamila! Zo ki ara min hancinki."

Kamila ta ajiye wanki, ta bi ta inda katanga ta zube, ta shiga gidan maƙwabciyarta. Inna Falmata na tsaye gaban gangar banda, hannunta na dama yana rawa kamar mai jan carbi. Ciwo ya daɗe da ɗauke mata murmushi, amma ya bar mata baki.

Kamila ta sunkuya ta shinshina hayaƙin. "Da saura, Inna."

"Na sani. Gwada ki nake yi."

Shekara arba'in tana bandar tarwaɗa a Haɗeja. Masunta daga Guri sun san ƙofarta. Jin ƙanshi ne ya fara barin ta, shekaru kafin rawar hannu, ba ta gaya wa kowa ba. Ta mayar da aikin ga kunne: ɗigar mai a kan garwashi, da ƙarar kifi in ta ƙwanƙwasa shi da farce. Daga baya likita a Kano ya ce duk ciwo ɗaya ne, sunansa Fakinsan, kuma zai iya taɓa tunani.

Ya kuwa taɓa. Takan tsaya da wuƙa a hannu, ta rasa abin da ke biye. Takan ga kyanwoyi jere a kan katanga da rana tsaka.

"Kina ganin su?"

"Babu komai, Inna."

"Ai na yi zato. Kyanwar gaske ba ta zama ta kalli tarwaɗa da ladabi haka."

Bayan damina ta manta da kifi a kan wuta har ya zama gawayi. Tana zaune kusa, ba ta ji ƙauri ba. Ɗanta Haris, da ke tuƙa keke-napep, ya shigo ya tarar da hayaƙi ya cika tsakar gida.

"Inna, don Allah ki huta. In aka sake, gangar nan fitar da ita zan yi. Wata rana zanenki ne zai kama."

"Ka fitar da ita, sai ka haɗa da ni."

"Ba wasa nake yi ba."

"Na ga alama. Ubanka ma ba ya wasa, har ya koma ga Allah yana cin kifina."

Amma ta ji maganar. Washegari Kamila ta ga igiya ɗaure a ginshiƙin rumfa. Juyi huɗu kifi yake so kafin ya yi. Duk juyi ɗaya, Inna Falmata ta ƙulla ƙulli ɗaya. In kanta ya ɗauke, ta shafa igiyar, yatsunta su faɗa mata inda ta tsaya. Ƙulli guda kan ci mata lokacin da wata za ta wanke kwanukan gida. Sau ɗaya Kamila ta miƙa hannu za ta taya ta.

"Hanci na ara, ba hannu ba. In ke kika ƙulla, ke za ki tuna."

Haka suka yi wata bakwai, ko kifi ɗaya bai ƙone ba. Muryarta ta shige ciki, tuwo ya fara shaƙe ta, ta koma kunu. Wani lokaci ƙafarta kan manne a bakin ƙofa, sai ta ce wa kanta "hagu, dama" ta wuce. Sunan Kamila ma ya ɓace mata, ta koma kiran ta Mai Hanci. Haris kan leƙo ya dubi gangar, ya dubi igiyar, ya fita.

Ran wata Alhamis ta tashi da tari da zazzaɓi. Duk da haka ta sa aka hura wuta. Bayan azahar Kamila ta jira kira, ba ta ji ba. Ta tsallaka, ta same ta a kan tabarma, ta jingina da ginshiƙi, hannun nan ya daina rawa.

Kafin la'asar gida ya cika. Mata na ta salati a ɗaki. Hancin Kamila ne ya janye ta waje. Ta shafa igiyar, ƙulli uku. Ta ɗaga buhun da aka rufe gangar da shi, ta juya tarwaɗar ɗaya bayan ɗaya, ta ja itacen baya.

Da maza suka dawo daga maƙabarta, Haris ya tsaya a rumfa, ƙasa a gwiwar wandonsa.

"Ya ƙone?"

"Bai ƙone ba."

Ya ɗauki ɗaya ya ƙwanƙwasa da farce, ya kara a kunne, ko da yake bai san abin da ake saurare ba. Ya mayar da shi a hankali. Sannan ya kama bakin igiyar, ya ƙulla na huɗu.