Rigar Injin Waje

Jobeda na tsaye a kan kujera, ta kama murfin esin, na'urar sanyaya ɗaki, da hannu biyu tana ja, shi kuwa ya ƙi buɗuwa.

"Sama, ɗaga shi sama," in ji mijinta Motaleb daga kan gado. A jaye maganarsa ke fita tun da ɓarin jikinsa ya shanye wata huɗu da suka wuce. "Kin kashe daga bango?"

"Na kashe, Baban Shahin. Tambaya ta uku ke nan. Da wutar za ta ja ni, ai da yanzu kana neman mai ba ka shinkafa a baki."

Shekara shida ke nan da ɗansu Shahin ya aiko musu da esin daga Oman, kuma Motaleb, tsohon makanikin jirgin ruwa, bai taɓa bari wani ya sa masa hannu ba. Yau kwana uku abin sai ya hura iska mai ɗumi ya ɗauke. Ga daminar garinsu Khulna, ruwa na tsayawa gari ya turare, har gishiri ya jiƙe a kwano. Likita kuwa ya ja mata kunne kada gumi ya kwanta a bayan mutumin, in fatar ta buɗe gyambo ne mai wuyar warkewa. Da safen nan da ta juya shi, ta ga wuri ya yi ja kamar faɗin tafin hannu.

Mai gyara ya ce sai Alhamis, yau kuwa Lahadi. Ƙanin mijinta zai zo in ta kira, amma alherinsa da gori yake tafe.

Murfin ya buɗe. Ta zaro raga biyu masu tace ƙura, sun yi baƙi ƙirin. Ta wanke su da tsohon buroshin haƙori, ta jingine su a gaban fanka, don ya ce kada ta kuskura ta mayar da su a jiƙe. Tana jira tana yi masa fifita. Da suka bushe ta mayar, ta kunna.

Iska ta zo, ba sanyi. Minti goma ya sake ɗaukewa.

Ta zauna a bakin gado, ta juya fuska bango tana share ido da gefen mayafi.

"Uwar Shahin," ya ce. "Duba injinsa na waje."

"Na waje lafiyarsa lau. Ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba tun da na sa masa rigarsa."

Motaleb ya runtse ido. "Yaushe?"

"Ranar Laraba, da aka fara ruwan nan mai ƙarfi."

A gidajen Khulna ai ba a barin abu mai tsada tsirara. Talabijin da rigarsa, firji da tasa, keken ɗinki ma haka. Lokacin da aka dawo da Motaleb daga asibiti, Jobeda ta rasa abin da za ta yi da hannunta, sai ta samo tamfol ta ɗinka wa injin da ke baranda riga, ta yi mata shafi da tsohon zanenta, ta ajiye sai damina.

"Ta nan yake fitar da zafin," ya ce a hankali. "Kin toshe masa hanci."

"To me ya hana ka faɗa? Ba a gabanka na ɗinka ba, kwana huɗu cur?"

"Na faɗa. Bakin ne lokacin babu. Ina ta kaɗa miki hannu."

Ta kalle shi. "Wallahi na zaci yabawa kake. Har fure na ƙara mata saboda kai."

Dariya ta kama shi, da rabin baki, har da tari. Rabon da ta ji dariyarsa tun kafin ciwon.

Ta sake kashe wuta ta fita baranda. Tana kwance igiyar sai ga Shefali maƙwabciyarta ta leƙo tana shanya kaya.

"Yaya Jobeda, tsakar rana za ki tuɓe wa amarya riga? Ni da na sayo yadi zan kwaikwaya!"

"Ajiye yadinki ki yi wa mijinki wando, na gan shi jiya."

Ƙarfen injin ya yi zafi kamar tukunya. Ta share ganye da yanar gizo daga bayansa, ta zuba masa ruwa da buta kaɗan-kaɗan daga sama, yadda Motaleb ke faɗa mata ta taga. Ta bari ya tsane, ta koma ta kunna.

Suka zuba wa abin ido su biyu. Minti goma ya wuce. Ashirin. Ta ɗaga hannu ta tara, sanyi ya sauko mata har gwiwar hannu.

Ta juya Motaleb gefe, ta goge masa baya da tsumma mai laushi, ta barbaɗa hoda. Jan yana nan, amma fatar ba ta buɗe ba, kuma ta bushe.

"Uwar Shahin," ya ce, fuskarsa a cikin matashi. "Ɗinkin dai ya yi kyau."

"Yi mini shiru," ta ce. Ta bar tafin hannunta a bayansa har barci ya ɗauke shi.