Tarin Marigayi Tiam-hok

Wani dare cikin watan bakwai, watan da ake buɗe wa matattu ƙofa, na ji tari ta bayan bango. Tari ne mai hawa biyu da ɗan fito a ƙarshe, na kuma san mai shi: maƙwabcina Ang Tiam-hok, gwanin wasan 'yartsana, wanda muka binne bara. Bayan tarin sai ganga da ƙararrawa, sai muryarsa ta tashi, ta fara kirarin sarkin yaƙi. Can sai ɗif.

Da gari ya waye na tarar da matarsa Siu-khim zaune gaban kwamfuta, ko shinkafar safe ba ta ɗora ba. Ta ce muryar ce ta tashe ta, ta fizge wayar wutar kwamfutar daga bango. Yanzu ta kunna, allo ya yi shuɗi, ya mutu, ya sake tashi, ya kuma yin shuɗi.

Kowa a garinmu Huwei ya san mutum ɗaya ke yin duk muryoyin wasa, daga sarki har bara. Kafin cuta ta ci ƙarfinsa, Tiam-hok ya naɗi wasanninsa a cikin wannan na'ura, ya zauna yana yanke tarinsa ɗaya bayan ɗaya don kada a kai wa abin bauta ƙazanta. Da muryar nan Siu-khim ke ci gaba da wasa, ita hannu, shi baki. Gobe kuma ana jiran su a haikalin kasuwa. Masu wani kantin gyara da ta kira sun ce sai dai a goge komai.

Kho Bun-hiong mai madarar waken suya ya leƙo, ya ɗaga koriyar ledar cincin da ake ajiyewa kan na'ura don ta yi ladabi. Ya duba kwanan watan da ke bayan ledar, ya riƙe baki.

"Yaya, wannan cincin ai ya lalace tun mijinki na da rai. Ke ma a ba ki tsohon abinci ki ga ko za ki yi aiki."

Bun-hiong ya kira 'yar ƙanwarsa Lai Pei-shan mai gyara, ta zo a babur.

Pei-shan ta ce rajistar ce ta lalace. Na tambaya, ta ce nan ne na'ura ke tuna inda kowane abu nata yake da yadda za ta tashi, kuma an yanke mata wuta tana tsakiyar sabunta kanta. Ni sai na hango mai gadin haikali ya farka bai san ƙofar da kowane mabuɗi ke buɗewa ba. Na faɗa mata haka, ta ce, "Kusan hakan ne, Baba, amma matsa daga haske."

Ta soka ɗan filas ɗinta na ajiye bayanai, ta tayar da na'urar ta wata hanya, tana neman ajiyayyar rajista ta kwanakin baya. Ta samu guda ɗaya tak. Layi ya fara rarrafe a allo. Siu-khim ta ɗauko 'yartsanar sarkin yaƙi ta zura hannu ciki, ba ta ma san ta yi ba.

Allo ya yi baƙi har na ɗauka shi ke nan. Sai hoton dandalinsu ya bayyana, muryar Tiam-hok ta cika ɗakin. Hannun Siu-khim ya miƙe da kansa, sarkin yaƙi ya shafa gemu daidai inda ya saba.

Pei-shan ta ce babu wani fatalwa: na'ura ta sabunta kanta, ta sake tashi, shi kuma marigayi ya saita wasan ya fara da zarar ta kunnu. Ta maido shi farko don mu gani. Ganga, ƙararrawa, sai kirari, tsaf. Na ce ta sake. Ta sake. Na dubi Siu-khim, na gane ita ma tarin take jira.

Bun-hiong, wanda ɗakinsa ke ɗaya gefen bangon, ya ajiye sabuwar ledar cincin da ya fita ya sayo a hankali.

"To, tarin da muka ji kafin gangar fa, wa ya yi shi?"