Agwagwar Gidan Amumun

Da Harisu ya bugo waya ya ce in haɗa kaya in taho Arlit, ban gaya masa ba ni kaɗai zan taho ba. Na san halin mijina, da ya ji sai ya hana.

Abokiyar tafiyar tawa 'Yargata ce, agwagwata. Tun tana ƙwai na sa wa kazarmu ita a Wamakko, da ta ƙyanƙyashe sai ta ƙi bin kazar, ta bi ni. Shekara uku ina tafe tana rangaji a bayana har bakin gulbi. Ina zan iya barin ta?

A shekarar ne kamfanonin uraniyom suke neman masu walda ido rufe, shi ya sa Harisu ya tsallaka Nijar. A shekarar ne kuma 'yan tawaye suka koma duwatsu, mota ba ta tashi daga Agadas sai da rakiyar soja. Kwana uku muka yi a hanya, 'Yargata na cikin kwando a cinyata, na lulluɓe ta da jiƙaƙƙen zane. Ruwan da na saya don kaina, rabi a kanta ya ƙare.

Harisu ya tarbe ni a tasha yana washe baki, har kwandon ya yi kuka.

"Zulai! Agwagwa? A garin nan? Ke kin ga ko kududdufi tun daga Agadas?"

Na ƙara rungume kwandona.

Ɗakin da ya kama mana na kwano ne, da shigarka sai ka ji kamar an kifa maka tukunya. 'Yargata ta buɗe baki tana haki, hankalina ya tashi. Harisu ya ce in fara zuwa in gaida matar mai gidan hayarmu, Inna Tekna. Mijinta Amumun Ba'abzine ne, sashensu ne ke da bishiya da famfo. Na kasa barin agwagwata a wannan zafi, sai na ɗauki kwandon na tafi da shi.

Na tarar da tsohuwar a kan tabarma. Na durƙusa, na ajiye kwandon a gabanta don in sami hannun gaisawa. Nan na yi wauta. Kowa ya san abin da baƙo ya dire a gaban mai gida, tsaraba ce. Inna Tekna ta leƙa kwandon, ta sake leƙawa, sannan ta jawo shi gefenta.

"Har da wahala, ɗiyata? Allah shi yi albarka."

Na ce amin, na tashi hannu rabbana.

Na roƙi Harisu ya je ya karɓo min ita. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce yau da zuwana zan sa a ce Sakkwatawa suna ba da kyauta su ƙwace? Gaskiya ya faɗa, amma ranar ban kula shi ba.

Kwana uku ina cikin zullumi. Duk lokacin da ƙamshin girki ya tsallako katanga, sai in ce ita ce a tukunya. In na ji ana wasa wuƙa sai in saki abin da ke hannuna, in kasa kunne har sai na ji kukan 'Yargata. Na yi kuka ni ma, ba zan ɓoye ba.

A rana ta huɗu da hantsi Amumun ya yi sallama, rawani ya rufe masa fuska sai idanu. Ya zauna da Harisu a ƙofar ɗaki, ya fito da butar shayi. Ni ina bayan labule. Aka sha na fari, aka yi hirar zafi. Aka sha na biyu, aka yi hirar hanyar Agadas. Kamar in fito in kifar da butar. Sai a na uku Amumun ya gyara murya, ya fara magana da Hausarsa ta Abzinawa.

"Malam Harisu, wannan tsuntsu da matarka ya kawo. Mun gode ƙwarai. Amma mu gidanmu ba a cin abu mai fiffike, ko ƙwai nashi. Kyauta kuma ba a maida shi. Matata kwana uku bai huta ba. Ya ba shi dabino, bai ci. Ya ba shi cuku, bai ci. Jiya ya shiga cikin ruwan alwala nawa. Ko matarka zai taimaka ya riƙa kula mana da shi?"

Ban jira amsar Harisu ba. Na bankaɗe labule, ko takalmi ban sa ba, na wuce su a guje.

'Yargata na tsugune a gindin famfo, ta rame, ga dabino zube a gabanta. Ina cewa "'Yargata!" ta miƙe wuya, ta taho da gudu tana faɗuwa tana tashi, ta cusa kai cikin zanena.

Inna Tekna ta tsaya tana kallonmu, hannu a haɓa.

"Ashe ɗanki ne. Don mi ba ka faɗa ba?"

"Kunya, Inna."

Ta zauna daɓas a tabarma. "Ni ma kunya. Saura kaɗan mu kashe shi, ni da kai."

Muka yi dariya har na share hawaye da gefen zane. Da yamma ta sa Harisu ya yanke mata duro gida biyu, ta girke rabi a ƙarƙashin bishiyarta, ta cika shi da ruwa da hannunta.

"Shi nawa ne, an ba ni," in ji ta. "Kullum ka zo ka duba mini shi, ka zauna ka sha shayi. Ƙwai kuma ka kwashe, kar in gani."