Rautar da Awaisu Ya Bari

Hajiya Ladidi na cikin goge rautar, na'urar raba wayfai ta marigayi ɗanta, da bakin mayafinta sai ga Alhaji Sanda, ƙanin mijinta, ya yi sallama. Ganin ƙofar ɗakin marigayi a buɗe ya sa ya tsaya cak.

"Haba Hajiya! Kayan mamaci ai ba a taɓa su sai an raba gado."

"Magadan nan biyu ne, Alhaji, ni da yayanka da ke kwance. Je ka tambaye shi ko zai kai ni kotu."

Shekara talatin ta yi tana koyarwa a Funtua, ta kuwa lura "ba a yi" ta fi yawa a bakin wanda abin bai dama ba. Mijinta Malam Jibril ne abin ya dama. Tun da ɗansu na fari ya rasu a hatsarin mota a hanyar Malumfashi, wata huɗu ke nan, ɓarin jikinsa ya shanye. Ba ya ɗaguwa daga ɗakin ƙurya, wayfai ɗin falo kuma ba ya ratsa katangar ƙasa. Mansura, 'yarsu mai aikin jinya a Madina, kullum sai ta kira ta bidiyo, amma da an kai wayar bakin gadonsa sai hoton ya daskare. Jiya likita ya ce kada a jinkirta duk abin da Malam ke so.

Kazeem mai gyaran waya, haifaffen Funtua, ya riga ya ja kebul daga falo har ƙurya. Ya karɓi rautar ya jona ta a wuta a ɗakin Malam. Fitilunta suka yi ta ƙyafta ido, sai wayar Hajiya ta yi ƙara: ta gane tsohon wayfai, ta kama shi da kanta. Sunan da marigayin ya sa masa ya fito a fuskar wayar: Inna ki sha magani.

Ta nemi bakin gado ta zauna. Wata huɗu ba wanda ya ce mata haka.

"Mama, kin san kalmar sirrinta ta ciki?" Kazeem ya tambaya. "Sai na shiga na hana ta raba lamba da kanta, in ba haka ba kishi za ta yi ta yi da rautar falo."

"Yaron nan kaɗai ya sani."

"To sai dai a wanke ta. Ga ɗan rami nan a bayanta, a danna da tsinke. Amma fa komai zai tafi." Ya sunkuyar da kai. "Har sunan."

Alhaji Sanda ya yi gyaran murya. "Kin gani? Bari na aika Kano a sayo sabuwa, zuwa jibi."

Ta dubi Malam. Idonsa na kan wayar da ke hannunta, leɓensa na motsi da sunan Mansura, ba sauti. Jibi da nisa.

Ta cire fil ɗin mayafinta ta soka a ramin da kanta. Kazeem ya ce ta riƙe har ta ƙirga goma. Ta ƙirga a sarari, kamar a gaban aji. Fitilun suka mutu, suka dawo. Da ta duba wayar, babu sunan.

Kazeem ya yi ta danne-danne, can ya ɗago. "Wane suna za a sa mata, Mama?"

Shekara talatin da huɗu sunan ɗan farinta bai taɓa fita daga bakinta ba. "Yaron nan" take cewa, ko "kai", don an ce alkunya ce. Ta yi gardama da al'adu da yawa a rayuwarta, wannan ɗaya ce ta bi ba musu, ita ce kuma ta fi ci mata rai.

"Awaisu," ta ce.

Alhaji Sanda ya kawar da kai. Kazeem ya ce bai ji ba, ta maimaita da ƙarfi.

Bayan la'asar fuskar Mansura ta fito tar a tafin hannun Hajiya, ko sau ɗaya hoton bai daskare ba.

"Baba! Baba, kana ganina?"

Malam ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya shafi gilashin. Hajiya ta jingina masa wayar da matashi, ta fito tsakar gida, ta ɗebi ruwa a randa, ta je ta nemo maganinta.