Ban Haƙurin Baba Wiebe

A katin da aka maƙala jikin furannin, sunan Baba Wiebe ya fi na ikilisiyar girma. Hiske ta lura da haka tana ɗaure su a kwandon kekenta.

A cocinsu, in an tashi sujada ranar Lahadi, akan kai furannin gaban bagade, wato teburin ibada, gidan marar lafiya ko mai makoki. Wannan makon na Goggo Aaltje ne, ko da yake lafiyarta lau. Lahadi biyar ke nan ba ta taka coci ba, tun ranar da Baba Wiebe, dattijon ikilisiya kuma shugaban mawaƙa, ya ce a gaban kowa wajen shan kofi wai muryarta tana jan waƙa baya kamar saniyar da ta ƙi shiga garke, alhali shi shekara talatin bai taɓa kuskuren gaɓa ɗaya ba. Fasto ya ce lallai ya je ya ba da haƙuri kafin Ista. Hiske ta nemi ta raka shi. Tun rasuwar mahaifiyarta kusa da tsohuwar take zama, ita ke miƙo mata minti in wa'azi ya yi tsawo, kuma zaman kaɗaici a bencin nan ya ishe ta. So take tsohuwar ta dawo coci.

A hanya, suna tuƙi iska na tura su baya, ya shaida mata cewa a azumin bana fahariya ya bari, ba nama ko giya ba irin na masu ƙaramin ƙarfi, kuma bai ga wanda ya kai shi riƙe baki ba a duk lardin.

Goggo Aaltje ta buɗe ƙofa, ta dubi furannin, ta dube shi.

"Wa ya mutu?"

Duk da haka ta shigar da su. Ta zuba kofi, ta buɗe gwangwanin biskit, kowa ya ɗauki ɗaya, ta rufe. Hiske ta hango littafin waƙoƙinta a kan tebur kusa da jakar Lahadi, an goge masa ƙura. Zuciyarta ta yi sanyi. Kalma ɗaya za ta gama komai.

"Aaltje 'yar'uwa, ga ni na zo da ƙafata," in ji Baba Wiebe. "Kin san ba kowane mai matsayi irin nawa zai yi haka ba."

"Sannu da ƙafa. Ka sha kofinka kada ya huce."

Ya ce bai zo ya ambaci shekarun da ya yi yana hidima ba, ya ambace su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce matarsa ma ta yi mamakin yadda ya sauko. Fushin da tsohuwar ta yi kuwa, tuni ya yafe mata, ba sai ta roƙa ba.

Hiske ba mai magana cikin manya ba ce. Amma ta ce a hankali, "Baba, ka dai ce mata ka yi kuskure."

"Ai shi nake faɗa, 'yata. Kuskurena shi ne na ɗauka kowa yana iya jure gaskiya kamar ni."

Goggo Aaltje ta ajiye kofinta, ko ƙara bai yi ba.

Daga nan ya ce a rufe ido a yi addu'a. Ya fara da gode wa Ubangiji da ya ba shi zuciya mai tawali'u tun yana yaro, ya roƙa a ba wasu irinta gwargwadon abin da za su iya ɗauka. Ya shiga tarihin kakansa. Hiske ta buɗe ido ɗaya.

Tsohuwar ta riga ta miƙe. Ta zare rigar sanyinta daga ƙusa, ta ɗaura ɗankwali, ta bi ta kicin a kan yatsun ƙafa. Ta taga Hiske ta ga tana tura kekenta har bakin titi kafin ta hau, ta bar musu gidan.